Sola ta haɗin gwiwa a kasuwannin Legas: a fara da ƙidayar wat

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan aka ƙara wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wutar lantarki, kuɗin wuta a Afrilun 2024, maganar sola ta shiga tarukan ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Agege da Mile 12 da Idi-Araba. Abin ya yi kyau. Mai shago ɗaya da wuya ya iya sayen inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, da batir mai kyau, amma shaguna goma a layi ɗaya za su iya, ko ta adashi ko ta asusun ƙungiya. An riga an gwada irin wannan a babban mataki: shirin REA, hukumar samar da wuta a karkara, na kai wuta kasuwanni ya sa sola a Sabon Gari ta Kano da kasuwar Iponri a nan Legas.

Inda ƙungiyoyi ke tuntuɓe shi ne su tafi kasuwar Alaba sayen kaya kafin su zauna su ƙirga abin da za su kunna. A ɗauki shago mai ƙwan fitila biyu masu wat 10, fanka mai wat 60, da cajin waya da na'urar POS wajen wat 20. Jimilla wat 100 ke nan. Awa goma a rana, kilowat-awa ɗaya, wato daidai da wat 1,000 na awa ɗaya. Shaguna goma, kilowat-awa 10. A ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda abin da ke zubewa a waya da inbata da zafi, ya zama 13.

Sai maganar rana, kuma a nan mutanenmu da suka saba da Arewa ke yin kuskure. Ranar Legas ba ta Kano ba ce. Hadari da damshi suna rage ta, musamman a Yuni da Yuli, don haka a yi lissafi da awa huɗu na rana mai ƙarfi. A raba 13 gida huɗu, ana buƙatar wajen wat 3,300, wato farantai shida masu wat 550. Inbata mai 5kVA da bolt 48 zai ɗauka da sarari. Na awa uku bayan magariba, batirin litiyam mai kilowat-awa 5 ya isa. In tubula, wato batir mai ruwa, aka zaɓa saboda sauƙin kuɗi, sai huɗu masu 220Ah a jere, kada a sha fiye da rabinsu, a riƙa duba ruwansu duk wata, a kuma ajiye su inda iska ke ratsawa.

Kayan ba su cika mutuwa da kansu ba, mutane ke kashe su. Mutum ɗaya ya jona firiza ko dutsen guga ko hita a ɓoye, dutsen guga kaɗai wat 1,000 ne, daidai da shagunan goma gaba ɗaya. Maganinsa ƙaramar mita da bireka a kowane shago, da rubutacciyar doka mai tara wadda shugaban layi zai sa wa hannu. Dole kuma a ware kuɗin sauya batir daga cikin kuɗin wata tun ranar farko, don tubula da ake wahalarwa ba ya daɗewa.

Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, saboda haka a ɗaure farantai da alminiyam da kusoshin da ba sa tsatsa. A kafa sandar ƙarfe mai kai wuta ƙasa da na'urar kare tsawa. A wanke ƙurar hunturu da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi.

Akwai ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, REAN, wadda aka kafa a 2016, tana fafutukar ingancin kaya da sauƙin haraji a kansu. A tambayi mai haɗawa ko kamfaninsa na cikinta, a nemi garanti a rubuce, a je a ga aikin da ya yi shekara biyu da suka wuce. Faranti kuwa kada a yarda da takardar da ke manne a bayansa: a fitar da shi rana tsaka, a auna bolt da amfiya a gaban mai sayarwa kafin ma'aji ya biya.