Aikinmu a kan ƙarin muƙamuƙi

Ɗakin gwajinmu ƙarami ne a nan Zinder, kuma sana'armu ita ce karɓar ɗan naman da likita ya yanko, mu gyara shi har ya karantu a ƙarƙashin madubin likita. Cikin abin da ake kawo mana, wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙarin muƙamuƙi da ake kira amelobilastoma, wanda yake tasowa daga ƙwayoyin da suke gina haƙori, galibi a muƙamuƙin ƙasa. Ba ciwon daji ba ne, amma yana cin ƙashi sannu a hankali ba tare da zafi ba, shi ya sa mutum daga Mirriya ko Matameye yakan shekara yana shafe-shafen magani, sai fuska ta karkace sannan dangi su kawo shi.

Rinin da muke yi wa naman a kan gilashi yau da kullum yana nuna siffar ƙarin, amma halinsa sai an nemi furotin ɗin da ƙwayoyinsa suke fitarwa. Akwai Ki-67, wanda ba ya bayyana sai a ƙwayar da take rarrabuwa. Idan ɗigo masu ruwan ƙasa, waɗanda suke nuna wannan furotin, suka yawaita a kan gilashi, likita ya san ƙarin yana da saurin girma. Tun 2014 kuma aka gano cewa da yawa daga cikin na muƙamuƙin ƙasa suna ɗauke da wata gurɓacewar ƙwayar gado da ake kira BRAF V600E. Wannan ƙari idan aka kankare shi kawai yakan dawo, don haka likitoci suke yankewa har da ƙashi mai lafiya kamar santimita ɗaya.

Duk wannan bai yiwuwa idan naman ya lalace tun a hanya, kuma nan ne takaicina. Formol, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 ake buƙata, amma an sha kawo mini nama a cikin ruwan gishiri, cikin zafin Afirilu, sannan a ce mun cika tsada. Wani ɗan kasuwa ma ya taɓa sayar mini da formol da aka tsinka da ruwa, na yi asarar aikin mako guda.

Malamin da ya koya mini a Yamai, Allah ya jiƙansa, wata uku ya sa ni ina yanka kakin farafin, wanda ake daskarar da nama a cikinsa don a yanka shi siriri, babu nama a ciki, kafin ya yarda in taɓa na majiyyaci. Har yau da hannuna nake yanka kowane ƙarin muƙamuƙi, kaurin maikuron 4 (kashi 4 cikin 1000 na milimita), kuma ƙashinsa ba na gaggawar tausasa shi da asid mai ƙarfi, domin yana kashe furotin ɗin da ake nema.