Inji ɗaya, ma'auni biyu: taransdusa tsakanin harsunan ƙa'ida da tsadar lissafi

Taransdusa mai iyakantattun matsayi inji ne da ke karanta jerin alamomi daga hagu zuwa dama yana rubuta wani jerin, ba shi da inda zai ajiye komai sai matsayin da yake ciki. George Mealy ya bayyana irinsa a 1955, Edward Moore a 1956. Masu nazarin harsunan ƙa'ida, wato jerin alamomin da dokokin lissafi suke tsarawa, suna tambayar me injin zai iya da me ba zai taɓa iyawa ba. Masu nazarin tsadar lissafi kuwa, wuri da lokaci da zurfin da aikin zai ci suke aunawa. Amsoshin biyu ba sa tafiya tare, kuma wanda ya cakuɗa su zai sha wahala ranar da ya zauna gina injin.

Ɗauki ninkin aikatau a Hausa: buga ya koma bubbuga, dafa ya koma daddafa. Injin zai karanta baƙin farko, ya rubuta shi, ya shiga matsayin da ke tuna wannan baƙin. Da wasali ya zo sai ya rubuta wasalin, baƙin sau biyu, wasalin kuma, sannan ya koma kwafar sauran kalmar. A ce baƙaƙe 30 ne, wasula 5: matsayi 32 ke nan, da kibiyoyi 150 a tsakiya, wato hanyoyin wucewa daga matsayi zuwa matsayi. Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na farko, sh da ts baƙi ɗaya ne kowanne, kuma harafin farko kawai ake ninkawa a rubutu, shasshafa, tsattsaya, don haka sai an ba su kibiyoyi na daban. Na biyu, ƙ da ɗ da ɓ bayit biyu-biyu ne a UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, Pynini kuma, manhajar gina irin waɗannan injuna, bayit-bayit yake karantawa in ba a ce masa akasin haka ba. Sai ka ga ya ninka rabin harafi.

Cikakken ninki, irin na gida-gida da sannu-sannu, wani abu ne daban. Kafin injin ya sake rubuta kalma, sai ya tuna ta duka, ƙwaƙwalwarsa kuma matsayi ce kawai. Da haruffa 25, kalmomi masu haruffa huɗu kaɗai suna neman matsayi har 390,625. In tsawon ba shi da iyaka, babu injin da zai iya. A aikace ana haɗa dokar da ƙamus ne, girman injin ya bi yawan kalmomin da ke ciki.

Dalilin da masu nazarin sauti da ginin kalma suka rungumi taransdusa shi ne ana iya sarƙa su: abin da na farko ya fitar ya zama abincin na biyu, a dunƙule su su zama inji ɗaya, matsayinsa bai wuce na farko sau na biyu ba. Douglas Johnson a 1972, sannan Kaplan da Kay a 1994, sun nuna dokokin sauyin sauti suna shiga wannan tsari muddin doka ba ta sake aiki a kan abin da ita kanta ta rubuta ba. Amma mahaɗar alaƙa biyu, wato abin da injuna biyu suka yi tarayya a kai, ba ta da wannan tabbaci. Inji ɗaya ya mai da a guda n zuwa b guda n da c ko nawa. Ɗayan ya mai da su b ko nawa da c guda n. Inda suka yi tarayya shi ne b guda n sannan c guda n, wanda sai da ƙidaya marar iyaka. Mafi muni, Griffiths ya tabbatar a 1968 cewa babu wani tsarin lissafi da zai iya yanke hukunci kullum ko taransdusa biyu masu zaɓin hanya, wato waɗanda alama ɗaya za ta iya kai su matsayi fiye da ɗaya, aiki ɗaya suke yi.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne mai da inji mai zaɓi ya zama mai hanya ɗaya. Ga injin da ke karɓa ko ƙi kawai, wannan yana yiwuwa ko da yaushe, ko da matsayi n za su kumbura su kai 2 da aka ninka da kanta sau n. Ga taransdusa ba haka ba ne. A ce x masu yawa za su koma a in jerin ya ƙare da a, su koma b in ya ƙare da b. Amsa ɗaya ce ga kowane jeri, amma injin ba zai iya rubuta ko harafi ɗaya ba sai ya ga ƙarshe. Ba wa fstdeterminize, umarnin manhajar OpenFst mai yin wannan aikin, irin wannan inji, zai yi ta ƙirƙiro matsayi har ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika. Choffrut ya fito da sharaɗin da ke rarrabe masu yiwuwa a 1977: hanyoyi biyu da ke karanta abu ɗaya kada tazarar abin da suka rubuta ta yi ta ƙaruwa a kewaye. Magani a nan shi ne a karanta jerin daga dama, ko a dunƙule alamar shiga da ta fita da fstencode kafin a fara.

A ɗaya fannin, na tsadar lissafi, injin da aka fi aiki da shi ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Kan karatunsa yana gaba yana baya, yana da tef na aiki mai girman log n, wato kusan yawan gurbin da ake bukata a rubuta tsawon jerin, n, yana rubutu a tef ɗin da ba ya komawa ya karanta. Da shi ake mai da wata matsala zuwa wata don nuna wahalarsu ɗaya. Kwafar kalma wasa ce a gare shi. Ko ba tef na aiki, komawa baya kaɗai ta isa. Sarƙa biyu daga cikinsu ma ana yi, amma da dabara: abin da na farko ya fitar ya fi wurin ajiya girma, don haka duk sanda na biyu ya nemi harafi na i, sai a sake tayar da na farko daga tushe a ƙirga har i. An sayi wuri da lokaci ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan fanni ke kallon ƙaramin injin namu. Ga injuna biyu, kowanne matsayi biyu. Ɗaya yana tara lambobin binari daga ƙaramin gurbi, yana tuna ko akwai ɗaya da za a kai gaba. Ɗayan yana tuna ko adadin 1 da ya gani mara ne ko cika. A idon mai ƙirga matsayi, tagwaye ne. Amma tarawa tana cikin AC0, wato da'irar lantarki mai ƙayyadadden zurfi da girma daidai gwargwado tana yin ta, domin kowane gurbi abu uku kawai yake yi: ya haifi ɗayan, ya kashe shi, ko ya wuce da shi. Na biyun yana juya matsayi ne, juyi biyu ya dawo inda yake, kuma Furst da Saxe da Sipser a 1981, da Ajtai a 1983, sun tabbatar ba ya cikin AC0. Barrington ya kai maganar ƙarshe a 1986: injin da ke bin sauye-sauyen jerin abubuwa biyar, 120 ne duka, ya kai wahalar komai da ke cikin NC1, wato ajin da'irorin da zurfinsu ke ƙaruwa kamar log n.

Wannan ba zancen allo ba ne kawai. Ladner da Fischer sun nuna a 1980 yadda ake raba aikin taransdusa: kowace alama taswira ce daga matsayi zuwa matsayi, ana haɗa taswirorin bibbiyu kamar rassan bishiya. Alamomi 1,048,576 suna dunƙulewa a hawa 20, sai a sake gangarowa a ba kowane gurbi matsayinsa. Tsadar ita ce kowane yanki sai an bi shi daga dukkan matsayin da zai iya farawa da shi, don haka injin bubbuga mai matsayi 32 zai iya ninka aikin sau 32. Mai matsayi biyu ne ke cin riba. Manhajar simdjson mai karanta bayanan JSON, wajen gano ko harafi yana cikin alamar zance ko waje, wannan lissafin mara da cika take yi a kan bayit 64 lokaci guda, da umarnin ninkawa guda ɗaya na furosesa.