Abin da jaridun ma'aikatan Kyuba suka koya mini

Kafin in yarda da abin da jaridar ƙungiyar ƙwadago ta rubuta, yanzu sai na fara tambayar wa ke biyan kuɗin buga ta. Wannan ɗabi'a na samo ta ne daga karatun tarihin jaridun ma'aikata na ƙasar Kyuba.

A 1865 wani mai naɗa taba, Saturnino Martínez, ya kafa La Aurora a Havana, wadda ake ɗauka ita ce jaridar ma'aikata ta farko a tsibirin. Da yawa cikin masu naɗa taba ba su iya karatu ba, sai suka fito da dabara. A masana'antar El Fígaro, mutum guda ne zai riƙa karantawa da babbar murya, sauran kuwa hannu na kan ganyen taba, kunne na wurinsa. Al'adar da ta kafu ita ce ma'aikatan su tara wa mai karatun ladansa daga aljihunsu, su kuma faɗi abin da suke son ji. Ba a je ko'ina ba, a 1866 hukumomin mulkin mallakar Sifaniya suka hana karatun. Ai ba banza ba, sun san abin da suke tsoro.

Trabajadores, jaridar babbar ƙungiyar ƙwadago ta CTC, labarinta daban ne. An kafa ƙungiyar a 1939 ƙarƙashin Lázaro Peña, jaridar kuma ta fara fitowa a watan Yunin 1970, shekarar da gwamnatin Fidel Castro ta ci burin samar da tan miliyan 10 na sukari amma aka tsaya a wajen miliyan 8 da rabi. Bayan nan ne aka shiga farfaɗo da ƙungiyoyin ƙwadago. Sai dai a can gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, CTC kuma tana bin jagorancin Jam'iyyar Kwaminis. Da mai ƙara da wanda ake ƙara, tuwonsu ɗaya miyarsu ɗaya. A Satumban 2010 ma CTC ce da bakinta ta yi shelar cewa za a rage ma'aikatan gwamnati rabin miliyan. Ni da nake haɗa 'yar mujallar ƙungiyarmu, na san nauyin da ke bakin edita idan wanda ya kamata ya soka shi ne ke sa hannu a takardar kuɗin ɗab'i.

Duk da haka ban yarda a ce jaridar ba ta da amfani ba. Da Tarayyar Sobiyet, wadda Kyuba ta dogara da ita, ta kama hanyar rushewa, takarda ta yi wuya, Trabajadores ta koma fitowa ran Litinin kawai, amma ba ta mutu ba. Shafin farko jawabin manya ne, ba na daɗewa a kansa. Wasiƙun masu karatu nake nema, inda ma'aikaci ke kokawa kan haƙƙinsa da aka riƙe, a kuma nemi shugabannin wurin aikinsa su ba da amsa. Tsarin mulkin ƙasa ba a taɓa shi a nan, amma manaja kan sha tambaya. A 1994, da aka tara ma'aikata a wuraren aikinsu don tattauna matakan ceto tattalin arziki, sun nuna ba sa son a sa wa albashi haraji, kuma aka jingine batun a lokacin.