Jirgin da Na Saba Shiga Tsakanin Kano da Legas

A cikin wata tsohuwar jakata ta fata, wadda Hajiya ta sha cewa in jefar, akwai tikitin jirgi na takarda, irin mai shafi-shafi da jan kabon a baya, an rubuta sunana da biro. Abin da ya sa na adana shi lambar waya ce a bayan bangon. Manajan kamfanin na tashar Legas ne ya rubuta mini da hannunsa, ya ce, "Alhaji, duk ranar da cunkoson Oshodi ya riƙe ka, kira ni."

Ba zan kama sunan kamfanin ba. Akwai mutanen kirki da har yanzu a nan suke cin abinci, kuma ba su suka jawo abin da zan faɗa ba.

Sana'ata yadi ce a Kantin Kwari, fitar da kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa kuma shi ya mai da ni ɗan hanya. Kano zuwa Ikko kusan kilomita 1,000 ne a mota, ka kwana kana jijjiga a lakshiri, ka sauka ƙafa a kumbure. A jirgi awa ɗaya da rabi ne. Mu Kanawa dama ba baƙin jirgi ba ne, a garinmu jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925. Na taso ina ganin Nigeria Airways mai tambarin giwa da fukafukai, sannan Kabo na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, da Okada, da Chanchangi na Kaduna. Duk na shiga, ban kuma zauna wa ko ɗaya ba, wanda na tarar yana lodi shi ne nawa, kamar a tashar mota.

Tsoro ne ya sa na fara zaɓe. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ya faɗo kan gidajen mutane a Gwammaja, a cikin garinmu. A 2005 aka yi haɗarin Bellview da na Sosoliso, a Oktoba 2006 kuma na ADC a Abuja, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki, Allah ya jiƙansu. Da gwamnati ta ce daga 2007 duk mai jigilar cikin gida sai ya nuna jarin naira miliyan 500, wasu suka rufe. A cikin waɗanda suka rage na ɗauki wannan na riƙe.

Kuma a lokacin ban yi zaɓen tumun dare ba. In an ce ƙarfe bakwai, bakwai da kwata kana kallon rufin kwanon Ikeja ta taga. Ana kawo shinkafa da kaza da zafinta, a bi da shayi. Masu awon kaya sun san ni, in samfurin leshin da na ɗauko ya haura da kilo biyu ko uku sai su ce, "Wuce, Alhaji." Lambar nan kuwa na kira ta sau biyu. Sau ɗaya ina maƙale a mota, manajan ya ce kada in tayar da hankali, ya yanka mini katin shiga ya ajiye. Na biyun shi ya fi zauna mini a rai, don ce mini ya yi, "Alhaji, kada ka ɓata lokacinka, jirginmu na yamma yana da matsala, je ka sayi na maƙwabtanmu, gobe ka aiko a karɓi kuɗinka." Ya kori ciniki da bakinsa, ya kuma saye ni da wannan maganar har shekara goma sha.

Akwai wani azumi da muka taso daga Legas gab da magariba. A sama rana takan daɗe ba ta faɗi ba, muna ta leƙen taga muna duba agogo. Sai ga wata ma'aikaciya 'yar kudu, ba Musulma ba ce ma, da faranti cike da dabino, tana bi kujera-kujera tana tambayar wa ke azumi. Da ta iso kaina ta ce da gurguwar Hausarta, "Alhaji, a sha ruwa lafiya." Ban san ko dokar kamfani ce ko tunaninta ba ne. Ni dai na sauka ina ba kowa labari a kasuwa, kuma na san mutum nawa suka koma shiga jirgin saboda bakina.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Shinkafa ta koma ɗan kwali mai kek da lemo. Aka rage kilon kaya, aka fara cajin duk abin da ya ɗaru. Ofishinsu na cikin gari ya rufe, aka ce komai a intanet. Da korona ta zo a 2020 aka dakatar da jiragen cikin gida daga ƙarshen Maris zuwa Yuli, aka dawo da sharaɗin ba rabon abinci a ciki. Korona ta tafi, abincin bai dawo yadda yake ba. Duk wannan bai dame ni ba, ba don kaza nake shiga jirgi ba. Tsofaffin fuskoki ne na ga suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, wasu sun yi ritaya, wasu sun koma wani kamfanin, aka zuba yara sababbi waɗanda ba a ba su ikon yanke komai ba. Ni kuma ina nan liƙe. Sabo turken wawa.

Ranar da ido ya raina fata wata Juma'a ce cikin hunturu. Washegari Asabar ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura auren 'yar ƙanena marigayi, ni ne waliyyi. Jirgina na ƙarfe biyu ne. Ina fitowa daga masallaci saƙo ya shigo waya, an mayar da shi ƙarfe biyar saboda "dalilan aiki". Biyar ta yi, shiru. Wajen shida aka ce hazo ne a Kano, alhali a gaban idonmu jirgin wani kamfani ya kwashi fasinjan Kano ya tashi, da kujeru a ciki da zan iya saya da na san gaskiya. Aka ce takwas da rabi. Ba wanda ya ba mu ko ruwan leda. Na lalubo lambar tsohon manaja a wayata na kira, wata mata ta ɗauka ta ce ba ta san mai wannan sunan ba. Goma saura aka sanar a lasifika cewa an soke tafiyar.

Mutane suka yi wa kantar kamfanin ca, wani yana dukan tebur, wata mai goyo tana kuka. Yarinya ɗaya aka bari a wurin, ba za ta wuce sa'ar autata ba, manyanta duk sun sulale. Da na samu na matsa kusa na ce, "'Yata, faɗa mini tsakaninki da Allah, akwai jirgi gobe da safe?" Idonta ya ciko, ta ce, "Baba, wallahi ni ma ba a gaya mini komai ba." Na kwana Agege gidan wani aminina. Jiragen safe na Kano duk sun cika, sai ta Abuja na samu, da kuɗi kusan ninki biyu. A zauren jira na Abuja nake zaune, waya a kunne, na wakilta ɗan baffana, ina ji aka shafa fatiha.

Daga baya na haɗu da wani tsohon injiniyan jirgi a masallacin filin jirgi, shi ya warware mini zare da abawa. Kamfani da naira yake sayar da tikiti, amma kayan gyara, da hayar jirgi, da inshora, da babban gyaran da ake kai jirgi ƙasar waje a yi masa, duk da dala ne. A Mayu 2022 ƙungiyar masu jiragen ta ce litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700, har suka yi barazanar ajiye aiki. A Yuni 2023 aka saki naira, dalar da take ƙasa da 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Jirgin da ya tafi gyara sai ya maƙale can, babu dalar fanso shi, amma jadawali yana nan kamar jiragen duk suna tashi. Sai jirgi ɗaya ya yi Abuja, ya yi Fatakwal, ya dawo, ya sake fita, jinkirin kowace tasha yana hawa kan na baya. Ya ƙara da abin da ban taɓa tunani ba: akwai filayen da ba a sauka in rana ta faɗi, don haka su ake fara sallama, Kano da ake sauka ko da tsakar dare sai a tura ta ƙarshe. In lokacin aikin matuƙa ya cika kafin nan, shi ke nan.

Na fahimci maganar dala, ni ma da ita nake sayo kaya. Abin da ban yafe ba shi ne shirun nan. Tun ƙarfe biyu wani a ofis ya san jirgin ba zai zo ba, kuma faɗa mini ba ya bukatar canji.

Yanzu jirgin farko na safe kawai nake saya, wanda ya kwana a ƙasa, ko da zan tashi kafin assalatu. Sha'anin da ba ya ɗaguwa, aure ko kotu ko ganin likita, kwana biyu nake ba shi a tsakani, cikin hunturu uku. Magani da takardun kwastan ba sa barin jakar hannuna. Na kuma san haƙƙina, wanda a da mutunci ya sa ban taɓa bukatar sani ba. A Sashe na 19 na dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, jinkirin awa 2 a jirgin cikin gida sai an ba ka abin taɓawa, in ya kai awa 3 kana iya cewa a mayar maka da kuɗinka, in dare ya raba kuma masauki a wuyansu yake. Wanda ya biya ta intanet kwana 14 aka yanka a dawo masa da kuɗinsa. Nawa na wancan daren sai da na kai ƙara teburin hukumar da ke filin jirgi, da hoton saƙonnin da suka turo mini, kafin ya fito.

Ban daina shiga jirginsu gaba ɗaya ba, in nasu ne na safe nakan saya. Watan jiya na tarar da yarinyar nan a kanta, ta gane ni kafin in gane ta. Tana liƙa wa jakata takarda ta rage murya ta ce, "Baba, naku yana ƙasa tun jiya, na gan shi da idona. Amma in za ka dawo Alhamis, kada ka ɗauki na yamma." Na yi mata godiya, na sa mata albarka. A cikin jirgi aka ba mu biskit ɗaya da ƙaramar robar ruwa. Na sha ruwan, biskit ɗin na sa a aljihu na kai wa jikata.