Sukuwa ɗaya, fim biyu

Lahadi da dare.

Tun bayan azahar nake kan Broadway Bill, fim ɗin sukuwa da Frank Capra ya ba da umarni a kamfanin Columbia a 1934. Bayan la'asar na ɗora da Riding High na 1950, wanda shi dai Capra ya sake yi wa Paramount da labari ɗaya. Na haɗa su ne domin na biyun ya ɗebi hotunan sukuwarsa daga na farkon, ina so in ga inda ɗinkin yake.

Labarin bai da wuya. Dan Brooks ya auri 'yar attajiri, an ɗora shi kan masana'antar kwali, ya watsar ya bi dokinsa. Dokin ba ya natsuwa sai da zakaransa a kusa. Ruwa ya yi masa duka a barga mai yoyo, ya kwanta ciwo, ya tashi. Ranar gasa 'yan caca sun saye mahayin don ya danne shi, dokin ya ƙi linzami, ya zo na ɗaya, ya faɗi matacce, aka binne shi a filin. Robert Riskin ne ya tsara shi daga gajeren labarin Mark Hellinger, Joseph Walker ya riƙe kyamara, aka yi aikin a filin sukuwa na Tanforan da ke San Bruno a Kalifoniya.

Warner Baxter, jarumin fim ɗin 1934, tsoron doki yake ji, abin da ya tsaya wa Capra a rai ke nan. Ana gani kuwa: mutumin da ya bar dukiya saboda doki, amma jikinsa ba ya sakewa in ya matso kusa da shi. Bing Crosby, jarumin na 1950, mai dawakai ne na gaske, hannunsa a wuyan doki kaɗai ya isa shaida.

Sukuwar fim ba a ɗaukarta a gudu ɗaya. Dokin tsere yana kai kilomita 60 a awa, mil ɗaya da kwata kuma minti biyu ne da 'yan daƙiƙu, kuma in ya ba da ƙarfinsa sau ɗaya ko biyu, ranar ta ƙare. Don haka masu fim na wancan zamani gutsure-gutsure suke yi: tashi daban, kwana daban, miƙewar ƙarshe daban, mota ɗauke da kyamara tana bi ta gefe. In gudun ya yi sanyi sai a rage juyin kyamara daga hoto 24 a daƙiƙa zuwa 20. Idan aka haska a 24, gudun ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Aka wuce haka, 'yan kallo a bayan dawakai za su riƙa zabura, asiri ya tonu. Fuskar mahayi a kusa yawanci a ɗakin ɗaukar hoto ake yi, yana kan sirdin da ake jijjigawa, ana haska filin a allo a bayansa.

Sai matsalar gefe. A Amurka ana zagaya fili ta hagu, saboda haka wanda ke rumfar 'yan kallo yana ganin dawakai suna wucewa daga hagu zuwa dama. Kyamarar da ke tsakiyar fili akasin haka take gani. Mai tacewa ya jera su ba tare da ya raba da fuskar ɗan kallo ko hoton gaba-da-gaba ba, sai a ga kamar dawakai sun juya gida.

Faɗuwar doki kuwa, a wancan zamani akwai masu ɗaura waya a ƙafafun gaba, ta ƙare doki ya kifa. Dawakai da dama sun mutu wajen ɗaukar fim ɗin The Charge of the Light Brigade na 1936, kuma bayan mutuwar wani doki a fim ɗin Jesse James na 1939 ne ƙungiyar kare dabbobi ta American Humane ta samu damar sa ido a wuraren ɗaukar fim daga 1940.

Aron tsohon hoto ya ɗaure wa Capra hannu a 1950. Dole fim ya zama baƙi da fari. Dole a nemo mutanen da ke cikin tsofaffin hotunan, shi ya sa Clarence Muse, Raymond Walburn, Douglass Dumbrille, Frankie Darro da Margaret Hamilton suka dawo kan matsayinsu na da, da sutura irin ta da. Hoton nesa na 1934 ne, na kusa sabo, shekara 16 a tsakani. Wurin gane ɗinkin shi ne wuya da ƙugun 'yan wasan, sai hulunan mata a rumfa, waɗanda yayinsu ya wuce tun kafin yaƙin duniya na biyu.