Asabar: na kai hoton Shehu gyara

Tun jiya da daddare Inna ke mita kan hoton Shehu Ibrahim Inyass da iskar hadari ta kayar daga bango, gilashin ya tarwatse. Na Baba ne, Allah ya jiƙansa, hoton ya ma girme ni a gidan nan. Da hantsi na naɗe shi a tsohon zani, na ja ƙaramar 'yata muka hau Keke Napep daga Tudun Wada zuwa kasuwar Sabon Gari.

Rumfar mai firam ɗin kamar taron malamai. Ga Shehu Nasiru Kabara, ga Malam Abubakar Gumi, ga Malam Ja'afar, ga Albani, duk a igiya ɗaya an maƙale su da abin shanya. Mabiyansu ba lallai su haɗa sahu ba, amma a nan kafaɗa da kafaɗa suke. Can sama kuma zanen Sidi Abdulƙadir da zaki kwance a gabansa.

Yarinyar ce ta nuna wani dattijo mai rawani ta ce, "Baba, ga Shehu Ɗanfodiyo!" Na ce wa ya gaya miki? Ta ce ai shi ne a bangon ajinsu.

Na ce wa mai rumfar, "Malam, Shehu fa ya rasu a 1817, lokacin ba a ƙirƙiro kyamara ba." Ko ɗagowa bai yi ba, yana yankan gilashi ya ce, "Alhaji, haka jama'a suka san shi. In na cire, sai an zo an tambaya."

Na rasa ta cewa. Ni kaina in aka ambaci Mujaddadi wannan fuskar ce ke faɗo mini, duk da na san aro ce. Sardauna kuwa na kan ɗari biyu nake gani. Malam Musa da ya kawo tuta Zazzau, da Nana Asma'u, da yake masu kalanda ba su ba su fuska ba, da wuya ka ji yaro ya ambace su.

Da la'asar na mayar da hoton kan ƙusarsa. Ƙanena ya shigo, ya ɗan taɓe baki kamar kullum, shi bai yarda da rataye hoto ba. Inna ba ta ko kalle shi ba. Ta sa gefen mayafinta ta goge gilashin, ta ce ya karkace, in ɗaga ɓangaren hagu.