Kafin a kunna saba: yadda muka shirya ɗakin kwamfuta a wani ofis a Kano

Sabobi shida, wato manyan kwamfutocin da sauran kwamfutocin ofis ke dogara da su, da na'urar ajiyar bayanai ɗaya sun yi wata biyu cif a sito, ko tef ɗin kwalayensu ba a yanke ba. Kullum shugaban ofis sai ya tambaya, "Injiniya, wai me ake jira ne?" Amsar ba ta canzawa: "Yallaɓai, ɗakin ake jira." Ɗaura saba a rak, wato kabad ɗin ƙarfen da ake jera na'urorin a ciki, aikin yini ɗaya ne. Abin da ke cin lokaci shi ne tanadar mata wuta, sanyi da wurin zama, kuma duk abin da aka tsallake a nan, sai an kashe na'urori an fitar da su kafin a gyara shi. Tun ran gini ran zane.

Ɗakin da aka fara nuna mana yana bene hawa na biyu, a kusurwar yamma, da ƙatuwar taga mai gilashi. Tef ɗin awo kawai ya ishe mu ƙin sa. Rak mai gurbi 42 tsayinsa ya kai mita 2, faɗinsa santimita 60, zurfinsa mita 1.2, ga shi matattakalar benen tana da kwana mai matsi da ba zai juya a cikinta ba. Sai batun nauyi. Kankaren benen ofis yawanci an lissafa shi ne a kan kilo 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, alhali rak ɗaya in ya cika yana haura kilo 600 a wurin da bai kai murabba'in mita ɗaya ba, tun ba a zo kan batura ba. Da muka ɗaga allon silin muka haska tocila, sai ga bututun banɗakin hawa na uku ya ratsa ta tsakiyar ɗakin. A nan maganar ta mutu.

Muka koma wani tsohon sito a ƙasa, mita 4 da mita 3.5, a tsakiyar ginin, babu bangonsa da rana ke duka kai tsaye. Aibin ɗakin ƙasa shi ne ruwan watan Agusta, don haka muka zuba dakali mai tsayin santimita 10 inda batura za su zauna, muka ɗaga dokin ƙofa, aka yi masa gangara saboda tayoyin rak. Ita ma ƙofar an faɗaɗa ta zuwa mita ɗaya, ta ƙarfe, mai buɗewa waje.

Lambar da komai ya rataya a kanta ita ce yawan wutar da kayan za su ja. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a karanta abin da ke rubuce a bayan saba, a ga wat 800 sau biyu, a ce wat 1,600 take ci. Ba haka ba ne. Gidajen wuta biyu ne a jikin saba, ɗaya madadin ɗaya ne, kuma lambar iyakar ƙarfinsu ce, ba abin da ake ja kullum ba. Da muka bi takardun kayan, kowace saba ta tsaya a wajen wat 450, shida ke nan 2,700. Na'urar ajiya 600, suwic biyu masu haɗa kwamfutoci da sauran kayan intanet 400. Jimla 3,700. Muka ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda kayan da za a sayo nan gaba, ya zama kusan wat 4,800. Da wannan lambar muka zaɓi UPS, na'urar da ke riƙe wuta da batir in an ɗauke, da ita muka zaɓi esi, janareta da kaurin waya.

UPS mai kVA 6 yawanci wajen wat 5,400 yake bayarwa kawai, wato zai riƙa aiki dab da iyakarsa, don haka muka ɗauki mai kVA 10, irin wanda ke mayar da wuta ta bi ta cikinsa a kowane lokaci, ba irin na teburin sakatare da ke jira sai wuta ta ɗauke sannan ya karɓa ba. Da farko mun so batura masu yawa, guda 20 masu amfiya 100, da za su riƙe awa uku. Muka janye, saboda esi ba ya kan UPS. Batirin da zai riƙe saba awa uku a ɗakin da babu sanyi, taimaka mata kawai yake yi ta dafa kanta. Muka rage zuwa masu amfiya 65, kuɗin da ya ragu muka zuba a janareta. Su kansu baturan zafi ne ajalinsu: an yi su ne don digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu. Wanda ya ajiye su a baranda don ya samu fili a ɗaki, ya shirya sayen sababbi kafin shekara biyu.

Ginin yana da babban janareta, amma ƙarfe shida na yamma ake kashe shi, Asabar da Lahadi kuwa ba a tayar da shi sam. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun ranar farko, mu sai a mako na uku muka yi ta. Aka sayo wa ɗakin nasa na kansa, mai dizal, kVA 30, da canjoba mai aiki da kanta.

Sanyi shi ne inda muka fi daɗewa. Duk wat ɗin da ya shiga ɗakin nan, zafi yake komawa, babu ragi. Wat ɗaya daidai yake da BTU 3.41 a awa, BTU kuwa shi ne ma'aunin da ake auna ƙarfin esi da shi, don haka 4,800 ya ba mu wajen 16,400. UPS da kansa yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin goma a matsayin zafi, ga fitilu, ga abin da ke ratsowa ta bango. Muka tsaya a 22,000. Mai sayar da esi ya ce biyu masu doki biyu sun isa har da rara, tunda kowanne 18,000 ne. A takarda gaskiyarsa ce. Sai dai esin gida an yi shi ne don ɗakin da mutane ke numfashi da gumi, yana kashe kusan kwata na ƙarfinsa wajen tatse danshi daga iska, shi ne ruwan nan da ke ɗiga ta bututu. Zafin saba busasshe ne. Abin da zai amfane mu daga kowanne bai fi 13,000 zuwa 14,000 ba. Ƙari a kan haka, lambar da ke jikin kwali an auna ta ne a zafin waje na digiri 35, alhali a Kano watan Afrilu ana haura 40. Biyun dai za su ɗauki ɗakin, amma duk ranar da ɗaya ya tsaya an shiga uku. Muka sa guda uku, biyu suna aiki ɗaya yana hutu, da agogon da ke juya su duk awa goma sha biyu.

Abubuwa uku game da esi ba a rubuta su a rasit. Na farko, a tabbatar yana tashi da kansa bayan ɗaukewar wuta. Ɗaya daga cikin namu bai da wannan, sai an danna masa rimot, dole aka mayar aka canzo. Na biyu, kada kan esi ya kasance a saman rak ko batura. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da ruwa ta zama taɓo a bututun zubar ruwa, ranar da ya toshe kuwa, ƙasa ruwan zai sauko. Na uku, injin waje a sa shi a inuwa, inda iska ke wucewa, ba a lungun da zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar ba.

Saba tana shaƙar iska ta gaba ta fitar ta baya. Don haka rak biyun muka jera su kafaɗa da kafaɗa, fuskarsu tana kallon inda sanyi ke saukowa, da fili mita 1.2 a gaba, saboda saba a kan dogo take zamewa waje gaba ɗayanta, da mita ɗaya a baya. Duk gurbin da babu na'ura an toshe shi da marfi, in ba haka ba iska mai zafi za ta zagayo ta ramin ta koma bakin saba. Ma'aunin zafi ma a gaban rak ake rataye shi, can sama, ba a jikin bango kusa da esi ba. Abin da ake nema a wurin shi ne tsakanin digiri 18 da 27. Mu a 22 muka saita. Masu saita esi a 16 dizal kawai suke ƙonawa.

Sai wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Mai wayarin ɗinmu ya nuna mana rodi ɗaya a bayan gini ya ce, "Oga, akwai at, da kaina na zuba masa gawayi da gishiri." Muka kafa mita muka auna, ya nuna om 38. Mu ƙasa da 5 muke nema. Gishiri yana sauko da lambar a watannin farko, daga baya ruwan sama ya wanke shi, wanda ya rage kuma ya cinye rodin. Muka kafa roduna shida masu rufin jan ƙarfe, kowanne mita 2.4, da tazarar mita 3 a tsakani, domin in suka matsu da juna kusan aikin guda ɗaya suke yi. Aka cika ramukan da yumɓun bentonayit mai riƙe danshi, aka haɗa su da tsirarar waya mai kauri. Ya sauko 4.6. A watan Maris muka yi awon, kuma da gangan ne: wanda ya auna a damina, ƙasa a jiƙe, lambar ƙarya zai rubuta. Daga nan muka ja waya zuwa sandar jan ƙarfe a bangon ɗakin, aka ɗaure kowane rak, UPS, teburin batura da tiren wayoyi a jikinta. A allon wuta kuma aka sa na'urar tare tsawa, don UPS ba aikinsa ba ne.

Ɗakin ya samu allon wutarsa daban, babu soket ɗin wani ofis a kai, don kada butar shayin wani ta faɗar da bireka. Kowane rak layi biyu, daga bireka biyu, saboda gidajen wuta biyun saba su rabu. Waya kuwa, araha ba ta ado. Nadin farko da aka kawo mai milimita 6, da muka kankare bakinsa da wuƙa sai ga fari a ciki: alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Tun daga ranar duk nadin da ya shigo sai an kankare shi an kuma ɗora shi a sikeli. Wayoyin intanet a tire daban suke, da tazarar santimita 30 daga na wuta, kuma mun auna nisan ofis mafi nisa kafin a ja, tunda irin wayar, Cat6, ba ta wuce mita 100 har da guntayen da ke bakin biyu. Ɓangaren da ya zarce haka faiba aka kai masa.

Tsarin aiki ma ya koya mana hankali. Mun yi fenti, mun share, sannan mai esi ya zo ya huda bango a wuri uku, ƙurar siminti ta rufe komai. Daidai shi ne a gama duk fasa da huda da walda, sannan filasta, fenti, daɓe, sai shara da injin zuƙe ƙura, ba tsintsiya ba. Tagar sito an toshe ta da bulo. Bangon ma ashe a silin ya tsaya, akwai kusan rabin mita a buɗe tsakaninsa da kankaren sama, hanyar ɓeraye da iska mai zafi, sai da birkila ya ƙarasa shi. Duk ramin da waya ko bututu ya bi an cusa masa ragar ƙarfe kafin a toshe da kumfa, saboda ɓera yana cinye kumfa kamar burodi, tsaka kuma ba ta da wurin kwana da ya fi allon wuta. An sa roba a gindin ƙofa. Babu kafet, babu kwali, kuma daɓen ba a bar shi tsirarar siminti ba don yana fitar da gari, an shimfiɗa masa leda mai hana taruwar wuta a jiki. Wannan ba ƙawa ba ce. Da hunturu danshin iska yana faɗuwa ƙasa da kashi 20, lokacin da mutum ke taɓa hannun ƙofa ya ji tas a yatsa, kuma tartsatsin nan ya isa ya kashe allon saba. Muka ajiye na'urar ƙara danshi, muna neman kashi 40 zuwa 60. Tukunyar kashe gobara mai iskar CO2 muka rataye a waje, gefen ƙofa. Mai hoda tana kashe wutar, ta kuma kashe duk na'urar da hodar ta shiga.

Kafin a buɗe kwali ko ɗaya, sai da muka yi wa ɗakin gwajin kaya na ƙarya. Fitilun halojin biyar masu wat 1,000, a kan ƙafafun ƙarfe, aka jona su a UPS, suka yi kwana uku a kunne da mai gadi a kusa. Muka kashe esi ɗaya da tsakar rana, muka bar biyu, zafi ya tsaya a 24. Muka kashe duka uku muna duban agogo: daga 22 zuwa 35 cikin minti goma sha huɗu. Wannan lambar muka rubuta muka liƙa a ƙofa, don duk mai aikin dare ya san iya lokacin da yake da shi.

Gwajin yanke wuta ne ya tona abin da ba mu zata ba. Janareta ya tashi cikin daƙiƙa goma sha biyar, canjoba ta juya, fitilun silin suka kama, amma UPS ya ci gaba da ƙara yana shan batir. Dalili shi ne esi biyun suna tashi lokaci guda, su danne injin, bugun wutar ya kauce daga sau 50 a daƙiƙa da ya kamata ya tsaya a kai, UPS ya ƙi karɓa, kafin ya amince kuma wani kwamfireso ya sake tashi. Da sabobi ne a kai, da batura sun ƙare alhali janareta yana ta ruri a waje. Muka faɗaɗa iyakar bugun da UPS ke karɓa, muka sa wa esi na biyu jinkirin minti uku, aka kuma daidaita gwamnan injin, wato abin da ke riƙe saurin juyawarsa. Muka maimaita yankewar sau goma, biyar da rana biyar da dare, duk ya karɓa cikin ƙasa da minti ɗaya. Washegari da safe aka turo rak na farko ta kan gangarar, kwalayen kuma a baranda aka yanke su.